Ƙofar da Na Ɗaure Ta Waje

Safiyar Talata ce, ba ta da wani bambanci da sauran. Malam Idi ya kira asuba da muryarsa mai rawa. Na yi salla a gurguje, na fito na shanya komar kamun kifi a kan turaku. Teku tana kwance lum. Inna tana hura wuta, da ƙanwata Hauwa'u goye a bayanta. Ƙanena Sa'adu yana zaune a bakin ƙofa, ya miƙe ƙafar dama a kan tabarma. Ta kumbura suntum.

Kwana uku ke nan da kifin nan mai faɗi, mai ƙaya a wutsiya, ya soke shi a dunduniya. An gasa da ruwan zafi, Malam ya yi tofi, amma ƙafar ta ƙi taka ƙasa. Shekararsa tara. Bakinsa kuwa lafiya lau.

"Yaya Bashir, in ka kamo babba, kan nawa ne."

"Mai ƙafa ɗaya ba ya zaɓe."

"To kai mai biyu, me ka kamo jiya? Takalmi."

Inna ta ce mu rufe mata baki tun ba ta taso ba. Amma gaskiyarsa ce. Tsohon takalmin roba na jawo jiya, duk gari an sha dariya.

Bari in gaya muku garin, ku da ba ku gan shi ba, ba kuma za ku gan shi ba. Bakin Ruwa muke ce masa. Yana arewa da Abhur, can gaba da Jidda, inda sawun mota yake ƙarewa. Bukkoki talatin da ɗaya na kaba da zana, masallaci ɗaya mara rufi, rijiya ɗaya mai zartsi. Iyayenmu daga Sudan suka tsallako don hajji, suka sauke farali, komawa ba ta yiwu ba. A nan aka haife ni. Na iya iyo kafin in iya Fatiha. Mun ci gasasshiyar ƙaguwa har leɓe ya tsage. Mun yi sukuwa a kan gangar mai da ruwa ya kawo. Mun sha bulala don mun fita da kwale-kwalen mutane ba izini, kuma duk inda na sa ƙafa Sa'adu yana bayana, in kore shi ya dawo. An taɓa kai ni makaranta a Jidda, wajen Baffa a Hindawiyya. Shekara biyu na daure. Benci ya ishe ni, na gudo gida a bayan motar kifi. Lokacin da wannan abu ya faru ina da shekara goma sha shida.

Gidanmu ya fi na kowa ƙwari. Baba ɗan dako ne a tashar jirgin ruwa ta Jidda, ba ya zuwa gida sai Alhamis. Duk zuwa sai ya taho da katakon akwati da tsohuwar garwa da aka fasa aka miƙar. Da su ya yi bango. Rufin ne kawai na kaba. Ƙyauren ma katako ne, ba asabari ba. Muna taƙama da shi.

Baba yana da iƙama, takardar izinin zama a ƙasar. Shi da Malam Idi da wasu tsofaffi uku, su ke nan. Sauranmu ba mu da ko ƙyallen takarda. Saboda haka garin yana da tsarinsa tun kafin a haife ni. Akwai wata babbar katantanwar teku rataye a bangon masallaci. Duk wanda ya fara hango ƙurar mota, sai ya busa sau uku. Da an ji, marasa takarda su faɗa ruwa su shige shora, itatuwan nan masu duhu da suke tsirowa cikin ruwan gishiri, kudu da gari. Tsofaffi masu takarda su zauna a ƙofar masallaci su ɗora shayi. Kowane gida a ja ƙofa a ɗaure ta waje da igiya. Wanda ba zai iya gudu ba, mai jego ko mara lafiya, a bar shi a ciki a ɗaure. Ƙofar da aka ɗaure ta waje ai ba kowa a cikinta. In an tambayi Malam, ya ce masu gidan sun tafi Makka. Na ciki kuma ba tari, ba motsi, ko sunansa aka kira ba ya amsawa. Dalili, an taɓa kiran wani yaro da sunansa ya amsa, aka riƙe shi har ubansa ya fito daga shora, aka zuba su duka a jirgi aka fitar da su daga ƙasar.

Mun yi haka ba adadi. Bai taɓa wuce awa ɗaya ba. Masu duba takardu su zo, su sha shayi, su leƙa nan da can, su tafi. Mu fito da taɓo har gwiwa muna dariya. Har wasa muka mayar da shi muna yara, a rufe mutum a ga wanda zai fi daɗewa bai ce uffan ba. Sa'adu mai surutun nan, a wannan wasa ba mai kayar da shi.

Wata guda kafin ranar, wasu mutum biyu sun zo da doguwar igiya da turakun ƙarfe. Suka auna daga rijiya har bakin ruwa. Suka ce wa Malam an sayar da wurin, mu tashi. Malam ya ce to, in sha Allahu. Ba ranar aka fara cewa mu tashi ba. Yara suka tuge turakun, aka ɗaure awaki da su.

To, ranar Talatar. Rana ta taso kamar tsawon sanda biyu, na hau tudun yashi don in duba launin ruwa in ga inda kifi yake. Ban kai ga juyawa wajen teku ba na hango ƙura ta gabas. Doguwa ce, ta fi ta mota ɗaya. Na sauko da gudu. Na fizgo katantanwa. Na busa sau uku. Ni na busa.

Gari ya motsa yadda ya saba. Ba ihu. Sai ƙarar murfin tukunya, da kukan akuya, da sawu a kan yashi. Mata suka binne wuta. Inna ta gyara goyo, ta ɗauki buta, ta ce da ni, "Ka taho da ɗan'uwanka." Ta bi sauran mata.

Sa'adu ya riga ya ɗaga hannu biyu. "Yaya, goya ni."

Na dubi ƙafar. Na dubi shora. Tafiya ce cikin taɓo mai riƙe ƙafa, ga saiwoyi masu tsini kamar ƙusa, shi kuma ba ƙaramin nauyi ba. Sannan Malam ya ce kada ruwan taɓo ya taɓa ciwon. Wannan ta Malam ita na riƙa gaya wa kaina daga baya. Amma ba ita ba ce. Ƙyuya na ji.

"Ni jakinka ne? Awa ɗaya ce fa. Shiga ƙarƙashin gado."

"Akwai kunama a can."

"Ta ji surutunka ta gudu tuni. Shiga. Ko muryar wa ka ji, kada ka amsa. Ko tawa ce."

Ya ja jiki ya shige ƙarƙashin gadon igiya na Baba. Na tura masa kwanon ruwa. Na ga farin idonsa a duhu, ya yi mini gwalo. Na ja ƙyaure.

Igiyar da muke ɗaure ƙofar da ita ban gan ta ba, ko wani ne ya ara. Na zaro wuƙa na yanko ta jikin koma, siririya, da sauran danshinta. Na zagaya sau uku. Na yi ɗaurin da muke yi wa kwale-kwale ranar iska, wanda ja yake ƙara masa ƙarfi. Na sa ƙafa a dokin ƙofa na ja. Na ruga.

Malam ya ce motocin sun tsaya ƙarfe takwas saura kwata. Shi kaɗai ke da agogo a garin, don haka duk ƙarfen da zan faɗa nasa ne. A lokacin ni ina tsugune cikin shora, ruwa har ƙirji. Inna ta waiwayo ta duba bayana.

"Ina yake?"

"Na ɗaure shi a ciki."

Ta dube ni. Ta juya ta fuskanci gari. Abin da kowa yake yi ne.

Daga inda nake ina hango gari ta tsakanin ganye, nisan da in mutum ya ƙwala kira za a ji. Motocin ɗaukar kaya ne guda biyu. Babu ƙaramar motar nan mai launin ƙasa ta masu duba takardu. Waɗanda suka diro ba kaki a jikinsu. Sun naɗe fuska da ƙyalle, sai ido. Na ƙirga goma sha huɗu. Wasu da sanduna, wasu da gatari, biyu da bindiga. Ba wanda ya dubi shayin Malam.

Wani dogo ya tsaya a gabansa yana nuna bukkoki da sanda. Ban ji abin da ya ce ba. Na ga Malam ya girgiza kai ya buɗe tafin hannu biyu. Na san wannan amsar, tun ina ƙarami nake ganinta. Ba kowa.

Sai aka fara sauke garwa daga mota. Ɗaya, biyu, har shida. Wata mata kusa da ni ta ce a hankali, "Ruwa suka kawo?"

Iskar arewa ta riga ta taso, kamar kullum da hantsi. Ita ta kawo mana warin. Kananzir.

Daga arewa suka fara. Bukkar farko ba ta yi wata ƙara ba, sai fuu, kamar an kakkaɓe babban zane. Ta biyu ba su ma kunna mata ba, ta farkon ce ta miƙa mata. Na ga Malam ya zabura, ya ture butar shayi, ya kama rigar dogon yana nuna ƙofofi. Wannan karon na ji muryarsa, Larabci da Hausa a haɗe. "Fi nas juwwa! Akwai mutane! Akwai mutane a ciki!" Dogon ya make shi ya faɗi. Ya tashi. Ya ruga cikin gari, tsoho tukuf, rawaninsa yana warwarewa a bayansa.

Inna ta yi wani sauti da ban taɓa ji a bakin mutum ba. Ba suna ba ne, ba salati ba ne. Ni kuwa na riga na fara gudu.

Ba a gudu a shora. Taɓo ya kama ƙafa ɗaya, ka zare, ya kama ɗayar. Saiwoyi sun shiga tafin ƙafata, ban ji ba sai washegari. Na faɗi sau uku. Maza da yawa suna bayana, ina jin hakinsu. Bindiga ta tashi sau biyu, fararen tsuntsaye suka watse daga kan itatuwa. Wasu suka kwanta cikin ruwa. Ban tsaya ba. Wuƙata tana hannuna. Gidanmu a tsakiyar gari yake, ina ganin rufinsa, bai kama ba tukuna. Na riƙa ƙirga bukkokin da ke tsakaninsa da wutar. Biyar. Huɗu.

Saura biyu na taka busasshen yashi.

Ban ga wanda ya buge ni ba. Sanda ce, a nan bayan kunne. Da na buɗe ido fuskata tana cikin yashi, gwiwar mutum tana gadon bayana, wani ya take hannun da ke riƙe da wuƙar. Sun ga ƙato ya fito daga ruwa da wuƙa tsirara, me za su ɗauka? Na yi ta cewa ƙanena yana ciki, da Larabci, da Hausa, amma bakina cike yake da yashi. Wanda ke kaina yana ta danna ƙeyata yana cewa, "Uskut!" Wato in yi shiru.

A haka na kwanta ina saurare. Na ji kaba tana tas-tas. Na ji randuna suna fashewa, tum, tum, ɗaya bayan ɗaya. Na ji awakin da ke ɗaure. Na ji gatari a jikin kwale-kwale. Na ji garwar bangonmu tana ƙara tana lanƙwashewa, na gane ta, don ba wani gida mai ita. Muryarsa nake jira. In ya yi ihu za su ji, za su ɗaga ni. Ban ji ba.

Malam ya ce daga bukkar farko zuwa ta ƙarshe minti ashirin ne.

Da suka sake ni, ba abin da ke tsaye sai bangon masallaci da turakun shanya. Rufinmu ya rufta ciki. Ƙyauren ya ƙone rabi, yana nan a maƙale. Igiyar ta yi baƙi, amma ƙullin bai kwance ba.

Malam yana zaune a ƙasa a gaban wurin. Hannayensa sun sale, farce biyu sun fita. Bai jira na tambaya ba. Ya ce gida biyar ya san akwai mara lafiya, don shi yake zuwa yi musu tofi. Biyun farko ɗaurin mata ne, ja ɗaya suka buɗe. Da ya zo tamu ya ja, ta ƙi. Ya sa haƙori, ta ƙi. Ya buga ƙyaure ya kira Sa'adu sau uku. Ya ce, "Ni ne Malam, ka amsa!" Shiru. Sai ya ce a ransa, ai Bashir ƙato ne, ya goya shi. Ya wuce ƙofa ta gaba, ya fitar da Rabi mai jego da jaririnta. Kafin ya kai ta biyar, ta Iya Mairo makauniya, rufinta ya faɗa.

Da sandunan tuƙi muka ɗaga rufin. A ƙarƙashin gadon yake, inda na ce ya shiga. Ya kwanta rub da ciki, ya toshe bakinsa da hannu biyu. Kwanon yana kusa da kansa, ruwan ya ƙafe. Ba zan faɗi fiye da haka ba.

Ɗaya daga cikin mutanen ya matso ya leƙa. Yaro ne, bai girme ni da yawa ba. Ya zare ƙyallen fuskarsa ya yi amai. Dogon ya zo ya duba, ya juya kan Malam yana ɗaga murya. "Na tambaye ka! Wallahi na tambaye ka!" Malam bai ɗago kai ba. Daga nan suka shiga sauri. Suka kwashe garewaninsu. Kafin ya hau mota dogon ya ce gobe da safe za su dawo, wanda suka tarar shi ya sani. Ƙarfe goma saura suka tafi.

Inna ce ta iso a ƙarshe, mata biyu suna riƙe da ita. Ta kwance goyo ta miƙa wa wata. Ta zauna cikin toka mai zafi ta ɗora shi a cinya. Ta riƙa share masa ƙafar nan mai ciwo da gefen zaninta, a hankali, kada ta fama masa.

Wani ya ce a kai ƙara. Wani ya ce wa zai kai? Mai kai ƙara sai ya nuna takarda. Sannan sai ya faɗi ɗan wane ne ya mutu, ina uwarsa, ina tata takardar. Aka bar maganar.

Da ruwan teku aka yi musu wanka, don rijiyar an zuba mata kananzir. Likkafani babu. Iya Mairo aka naɗe ta da mayafin wata mata. Sa'adu da rawanin Malam, ya ishe shi har ya yi saura. Muka haƙa a bayan tudun yashi, da ƙonannun kwanuka da hannu. Muna haƙa yashin yana komawa. Malam ya yi musu salla. Muka sa duwatsun teku biyu. Muka yi azahar a masallaci, a kan ƙasa, don tabarmin sun ƙone.

Bayan azahar muka kama hanya. Kwale-kwale tara ne a garin, duk an fasa cikinsu, saboda haka ƙafa ce. Mutane jere kamar tururuwa, ba mai kaya a ka. Ban taɓa ganin Bahaushiya ta yi doguwar tafiya ba kaya a kanta ba sai ranar. Hannuwansu suna lilo, ba su san inda za su sa su ba.

Muka yanki filin gishirin da ke tsakanin teku da hanyar Madina. Samansa fari ne busasshe, ka taka ya fashe, ƙasansa baƙin taɓo mai zafi. Yawancinmu ba takalmi. Ruwa kuwa sai butar Inna da wasu biyu. Tsofaffi aka raba wa samari. Ni aka ba ni Tsoho Ɗanjuma, ɗaya daga cikin waɗanda Malam ya fitar. Na goya shi tun daga rijiya har kwalta. Ya yi biyun Sa'adu a nauyi. Ban sauke shi ko sau ɗaya ba. Yana ta sa mini albarka a kunne, Allah ya ba ka masu goya ka, Allah ya yi maka abin da ka yi mini. Ina so in ce masa ya yi shiru, na kasa.

Sau biyu muka ji ƙarar inji, sau biyu kowa ya kwanta a kan gishiri, ba wanda ya ce a kwanta. Ta biyun ma ba mota ba ce, jirgin sama ne can nesa.

Inna tana gabana. Tun daga kabari ba ta waiwayo ba. Na riƙa kallon kan Hauwa'u yana lilo a bayanta. Ina jira ta juyo ta zage ni, ta mare ni, ko ta tsine mini ma in huta. Sau ɗaya ta tsaya, ta miƙo mini buta ba tare da ta dube ni ba. Na ce na ƙoshi. Ta bar hannun a miƙe har na karɓa.

La'asar sakaliya muka hau kwalta. A nan garinmu ya watse. Malam ya ce taro yana jan ido, a rabu gida-gida. Wasu suka yi arewa, wasu suka ce Makka, 'ya'yan Tsoho Ɗanjuma suka karɓe shi suka tsallaka titi. Ba a yi wata sallama ba. Akwai waɗanda muka tashi tare tun muna yawo tsirara, daga ranar ban sake sa su a ido ba.

Motoci da yawa sun wuce. Wadda ta tsaya ta gawayi ce, direban ɗan Yaman. Ya dube mu, ya dubi ƙafafunmu, bai tambayi komai ba. Ya ce, "Yalla," wato mu hau. Muka hau kan buhuna, mu da Malam da wasu gida biyu. Kafin shingen shiga gari ya sauke mu, muka zagaya ta bayan garken tumaki. An idar da magariba muka shiga Hindawiyya.

Unguwar tana nan yadda na bar ta. Mai ful, dafaffen waken nan, yana kwasa daga tulunsa. Yara suna ƙwallo da ƙunshin tsumma. Rediyo yana waƙa a wurin mai shayi. Mutane suna kallonmu, baƙi ƙirin da toka da gawayi, suna ba mu hanya.

Baba yana zaune a ƙofar gidan Baffa, inda yake kwana ranakun aiki, dawowarsa ke nan daga masallaci, da carbi a hannu. Ya miƙe. Ya dubi Inna. Ya dubi Hauwa'u. Ya dube ni. Sannan ya wuce mu, ya tafi bakin lungu, ya tsaya yana duban hanyar da muka fito. Ya daɗe a can. Malam ne ya bi shi.

Da ya dawo, a soro ya same ni. Tambaya biyu ya yi mini, a tsaye.

"Wa ya ɗaure ƙofar?"

"Ni ne, Baba."

"Wane ɗauri?"

Na faɗa masa. Shi ya koya mini shi ina ɗan shekara bakwai, a babban yatsan ƙafarsa.

Ya gyaɗa kai. Ya ce, "Je ka wanke ƙafarka, tana jini." Bai sake tayar da maganar ba har yau. Inna ma ba ta taɓa gaya masa abin da ta ce da ni kafin ta shiga ruwa ba. Na sani, don da ta faɗa da na gani a idonsa.

Shekara huɗu ke nan. Na yi karen mota, na wanke kwanuka a Balad, tsohuwar unguwar Jidda, na yi gadi. Ba na daɗewa a wuri. Baba ya samo mini dako a wurinsu, sati biyu na yi na bari, don duk buhun da aka ɗora mini sai in ji ina auna shi. Ɗaki kuwa in an ja ƙofa ba na iya zama. Sau ɗaya na koma can. An ja katanga tun daga inda rijiya take har cikin ruwa, an baje tudun. Mai gadi ya tambaye ni me nake nema. Na ce ɓatan hanya na yi.

Bara kafilin Baba, ubangidan da ya tsaya masa a takarda, ya yarda a sa mu a iƙamarsa. Muka tafi tare, ni da shi, na ari farar riga. Muka bi layi tun safe har walaha. Ma'aikacin bai ɗago kai ba. Ya tambayi sunan mata, Baba ya faɗa. Ya tambayi 'ya'ya nawa. Baba ya yi shiru, har mutumin ya ɗago ya sake tambaya.

Baba ya ce biyu.

Ya rubuta biyu. Ya buga hatimi. Ya ce na baya ya matso.